Ku Tambayi Malam: Me Ya Sa Dokar Mota Take Mutuwa Da An Share Makoki?

Wasiƙun da suka taru a wannan karon yawancinsu kan motocin haya ne, musamman bas-bas na dogon zango. Na ɗauki huɗu. Kamar yadda muka saba a wannan fili, ba ma buga sunan mai tambaya, kuma na cire sunayen kamfanoni daga cikin wasiƙun.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bara ƙanena ya rasu a haɗarin bas yana hanyar komawa makaranta. Waɗanda suka tsira sun ce tayar gaba ce ta fashe ana tsala gudu, motar ta ƙwace wa direba ta yi ta wulkitawa. An yi mata lodin da ya fi ƙarfinta, mutane a ciki, kaya a sama. Washegari manya suka zo asibiti da 'yan jarida, aka ce za a kafa kwamiti, za a ƙwace lasin kamfanin, kuma daga ranar babu sauran lodin wuce ƙima. An yi kamar sati biyu ana tare motoci. Watan jiya dole ta sa na bi hanyar nan, sai ga motocin kamfanin suna ta aiki, kaya a sama kamar da. Rahoton kwamiti kuwa ko labarinsa ba mu ji ba. Malam, doka ce babu, ko masu tsaya mata ne babu? Daga wata malamar makaranta.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan ƙanenki, ya kai haske kabarinsa, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi.

Doka tana nan. Da wuya ki sami ƙasar da littafinta bai hana lodin wuce ƙima ba, bai hana gudun wuce sa'a ba, bai ce a duba lafiyar mota kafin ta ɗauki fasinja ba. Na yi shekaru ina aikin duba lafiyar motoci kafin na ajiye, kuma ban taɓa tsayawa gaban motar da ta yi raga-raga na ce da ma akwai dokar da ta hana abin da ya jawo wannan ba. Kullum akwai ta. Abin da kika gani da idonki, sati biyu na tsanani sannan a koma gidan jiya, shi ne ciwon, kuma ya yaɗu a duniya fiye da yadda kike zato.

A ƙarshen 2003 ministan sufurin Kenya, John Michuki, ya fito da dokoki kan motocin hayar ƙasar. Kowace mota a sa mata na'urar da ke hana ta wuce kilomita 80 a awa, kowace kujera da bel ɗinta, ƙaramar bas kada kujerunta su wuce 14, direba da kwandasta su sa rigar aiki, kuma a riƙa biyansu albashi. Masu motoci suka tafi yajin aiki, mutumin bai janye ba. A watan Fabrairun 2004 doka ta fara aiki, mutanen Nairobi suka sha tafiyar ƙasa saboda an ajiye motocin da ba su cika sharaɗi ba, kuma mace-macen hanya suka ragu a wannan shekarar. A 2005 aka sauya masa ma'aikata. Sannu a hankali na'urorin suka daina aiki, lodi ya dawo. A watan Oktoban 2018 wata bas da ta taso daga Nairobi cikin dare ta faɗa kwazazzabo a Fort Ternan, sama da mutum 50 suka mutu. Matakin da gwamnati ta ɗauka shi ne sanar da cewa daga watan Nuwamba za a koma aiki da dokokin Michuki. Ba a taɓa soke su ba, Malama. Shekara 14 suna cikin littafi.

Senegal ma haka. Ranar 8 ga Janairun 2023 bas biyu suka yi taho-mu-gama kusa da Kaffrine bayan tayar ɗaya ta fashe, sama da mutum 40 suka rasu. Shugaba Macky Sall ya ayyana makokin kwana 3, cikin 'yan kwanaki gwamnati ta zayyano matakai sama da 20: an hana bas tafiya daga ƙarfe 11 na dare zuwa 5 na asuba, an hana shigo da tsofaffin tayoyi, an ce a ƙayyade gudu a kilomita 90, an ce a sauke kaya daga saman mota. Kwana 8 tsakani wani haɗarin ya ci kimanin mutum 20 a Sakal. Masu sufuri suka shiga yajin aiki, gwamnati ta sassauta batun kayan sama. A Bangaladesh kuwa, bayan bas ta take ɗalibai biyu a Dhaka ranar 29 ga Yulin 2018, 'yan makaranta ne da kansu suka fito kan titi suna tsayar da motoci suna tambayar lasin, har da motocin jami'an gwamnati. Majalisa ta zartar da sabuwar dokar sufuri a watan Satumba. Ba ta fara aiki ba sai Nuwamban 2019, da ta fara kuma masu motoci suka ajiye aiki, aka sake sassautawa.

To me ya sa kullum haka? Ni a ganina dokar da aka yanke ana cikin kuka, don idon jama'a ake yanke ta. Ana so gobe a ji a rediyo cewa an yi wani abu. Shi ya sa ake zaɓar abin da ido ke gani, a kafa shinge, a kama motoci, a ɗauki hoto. Ba a ware kuɗin da zai riƙe aikin shekara guda, ba a ƙara ma'aikata, ba a sayi injin gwada birki. Jami'an da aka kwaso daga wasu ayyuka aka jibge a hanya, bayan sati biyu dole su koma inda suka fito. Mai mota ya san da haka sarai. Yakan ajiye motar da ta fi lalacewa a gareji, ya jira ƙura ta lafa.

Mai mota ɗan lissafi ne. Bai damu da girman tarar da ke cikin littafi ba, abin da yake aunawa shi ne sau nawa za a kama shi, kuma idan an kama shi da me zai fita. Idan fasinja biyu na ƙari suna kawo masa riba kowace rana, kamu kuwa sai an yi watanni, ko da an yi kamun ana kashe maganar da na goro ta taga, to lodi zai ci gaba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a inda hannu ke karɓa, duk lokacin da aka ninka tara sai na goron ne ke ƙaruwa, motar kuma ta wuce da tayarta mai sanƙo kamar yadda ta zo. Ƙaramar tara wadda mutum ya tabbata ba makawa sai ya biya ta fi gyara hali fiye da ɗaurin shekaru wanda bai taɓa ganin an yi wa kowa ba.

Bari in gaya miki abin da na gani a wurin aiki. Mota ta shigo layin gwaji da tayoyi huɗu masu kyau, zanensu fes. An duba, an buga hatimi. Ta fita ƙofa, ta sha kwana, can bayan katanga mai faci yana jira da jak. Ya kwance tayoyin, ya mayar da nata na asali, waɗancan kuma su jira mota ta gaba, don hayarsu ake bayarwa. Haka na'urar ƙayyade gudu. Na sha zura hannu ƙarƙashin sitiyari in taɓo ɗan makunni da aka ɓoye, wanda direba zai danna ya kashe na'urar da zarar ya bar gari. Najeriya ta fara tilasta sa wannan na'ura a motocin haya a watan Fabrairun 2017, kuma tunani ne mai kyau, amma a ko'ina aka sa ta, idan takardar shaidar sakawa kawai ake tambaya ba a gwada ko tana aiki, takardar ce za ta yi kasuwa.

Sai kuma ƙarfin yajin aiki. Inda babu jirgin ƙasa mai tafiya kullum, babu motocin gwamnati isassu, idan masu bas suka ajiye makulli kwana biyu gari ya tsaya cak. Fasinjan da ya yi kuka jiya shi ne zai fara zagin gwamnati yau saboda ya rasa motar zuwa aiki. Su masu motoci suna da ƙungiya, suna da shugabanni da kuɗi, wasunsu ma su ne a kan kujerun mulki. Iyalan mamata kuwa kowa yana gidansa shi kaɗai da baƙin cikinsa.

Batun rahoton da ba ku gani ba, wannan haƙƙinku ne aka danne. Idan jirgin sama ya faɗi, ƙa'idar duniya ta ce a kammala rahoton farko cikin kwana 30, kuma manufar binciken ita ce gano abin da za a gyara don kada a sake. Amurka tana da hukuma mai zaman kanta, wadda aka kafa a 1967, da ke irin wannan bincike, har da manyan haɗurran bas, tana buga sakamakon kowa ya karanta. Amma a yawancin wurare, bas ta kashe mutum 30, sai a rubuta layi ɗaya: gudu da fashewar taya. Wa ya sayi tayar? Shekararta nawa? Wa ya buga hatimin lafiyar motar? Awa nawa direban ya yi bai runtsa ba? Wa ya sa hannu motar ta bar tasha da wannan lodi? Ba a tambaya, domin kowace amsa tana da sunan mutum a jikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, kashi 92 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Sa'o'in ƙanenki ke nan.

Shawarata, kada ki yi wannan fafutuka ke kaɗai. Ki nemi sauran iyalan, ko gida biyar ne. Ku rubuta takarda ɗaya zuwa ga hukumar da ta yi alkawarin kwamiti, ku nemi kwafin rahoton, a buga muku hatimin karɓa a kan naku kwafin. Ku nemi rahoton 'yan sanda da sunan kamfanin inshorar motar, domin motar haya ba ta halatta a kan titi sai da inshora, kuma iyalai da yawa suna barin haƙƙinsu don ba wanda ya gaya musu. Lauya ko ƙungiyar da ke taimakon marasa ƙarfi a shari'a za su nuna muku hanya, amma ku hanzarta, don irin wannan ƙara tana da wa'adi. Sannan ku koma wa 'yan jaridar da suka zo asibiti. Ku ba su jerin alkawuran da aka yi da ranar da aka yi su, ku ce su je su tambaya ɗaya bayan ɗaya. Jami'i ya saba da hayaniyar kwana uku. Mutanen da ke dawowa bayan wata shida da takarda a hannu su ne bai saba da su ba.

Tambaya: Malam, ni direba ne, na haura shekara 20 a kan hanya. Kullum aka yi haɗari sai a ce direbobi 'yan ƙwaya ne, ba su da hankali. Ba wanda ke tambayar balas ɗin da mai mota ya yanka mini. Idan ban yi sawu biyu ba ban kai balas ba, idan ban kai ba gobe makulli yana hannun wani. Na ce a sauya taya, a ce in lallaɓa zuwa ƙarshen wata. Fasinja ma idan na rage gudu sai ya ce ko bacci nake. Ina laifinmu a nan?

Amsa: Alhaji, sannu da ƙoƙari, Allah ya ci gaba da tsare ku. Maganarku gaskiya ce, kuma ita ce rabin da ba a faɗa a sanarwar gwamnati.

Duk tsarin da ya ɗaure abincin direba da yawan sawu da yawan kai, ya riga ya taka masa totur tun kafin ya shiga mota. Ba a kanku aka fara ba. A Bogota, babban birnin Kolombiya, direbobi sun shekara da shekaru suna tseren rige-rigen ɗaukar fasinja saboda da yawan kai ake biyansu. Da aka buɗe sabon tsarin bas na birnin a 2000, sai aka koma biyan kamfanoni gwargwadon kilomitan da motarsu ta yi bisa jadawali, direba kuma ya koma ɗan albashi. Tseren ya mutu a waɗannan layuka, ba tare da an sauya halittar direbobin ba.

A Tarayyar Turai doka ta ce direban bas ko babbar mota kada ya wuce awa 9 yana tuƙi a rana, sai dai sau biyu a mako a ƙara masa zuwa 10. Bayan awa 4 da rabi dole ya huta minti 45. Akwai na'ura a jikin motar da ke rubuta gudu da lokacin tuƙi da na hutu, jami'i zai iya karantawa a hanya, zai kuma iya zuwa ofishin kamfani ya buƙaci bayanan. Abin da nake so ku lura da shi, dokar ta hana kamfani biyan direba bisa nisan tafiya ko yawan kaya idan hakan zai jefa hanya cikin haɗari, kuma idan direba ya karya ƙa'idar hutu ana iya kama kamfanin da laifin. Wannan shi ne abin da ya kamata ƙungiyoyinku su riƙa nema, maimakon a riƙa kiran ku yajin aiki don kare aljihun masu motoci. Duk lokacin da aka ce ku ajiye aiki saboda an tsananta duba taya, ku tambayi kanku wa ke zaune a saman tayar nan awa goma a rana. Mai mota yana gida.

Amma Alhaji, da girmanku, ba zan ɓoye muku sauran rabin ba. Bacci ba ya sanin gwaninta. Masu bincike a Ostareliya sun nuna tun 1997 cewa mutumin da ya yi awa 17 bai yi bacci ba, hankalinsa da saurin hannunsa suna raguwa daidai da na wanda barasa ta kai ma'aunin 0.05 a jininsa, ma'aunin da ƙasashe da yawa ke kama direba a kansa. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Gyangyaɗin daƙiƙa 4, wanda ku kanku ba za ku san kun yi ba, mita 100 ke nan motar ta tafi babu direba. Ƙwayar da wasu ke sha don ido ya bushe ba ta biyan bashin bacci, ɓoye shi kawai take, ta kuma ƙara wa mutum jin cewa obatekin ɗin da ba zai yiwu ba zai yiwu. Kun san abokan aikinku da ke sha, kun san inda ake sayarwa a tasha. Babu jami'in da zai iya hana wannan kamar ku dattawan sana'ar, idan kuka ce wanda ya sha ba zai yi lodi a layinku ba.

Game da taya, idan kun gaya wa mai mota, ku gaya masa ta saƙon waya, ku ɗauki hoton tayar ku tura masa, ku ajiye. Ranar da abu ya faru, Allah ya kiyaye, shi zai ce bai sani ba, ku ne za ku kwana a hannun 'yan sanda.

Tambaya: Malam, ni ba makaniki ba ne. Me zan iya dubawa da idona kafin in shiga bas? Daga wani ɗan kasuwa mai yawan tafiya.

Amsa: Ɗan'uwa, ka fara da taya, tayoyin gaba musamman, domin su ne idan suka fashe sitiyari ke ƙwacewa. Ka durƙusa ka duba. Idan zanen ya shafe ta yi sumul, ko ka ga zare ko waya ta leƙo, ko gefenta ya yi ƙullutu, ko ya tsattsage kamar busasshiyar fata, kada ka shiga. A cikin kwarin zanen akwai 'yan tudu ƙanana da kamfani ya sa, idan saman tayar ya yi daidai da su, ta gama aiki. Sannan a gefen taya akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Masu ƙera taya da kansu suna cewa bayan shekara 5 a riƙa kai ta ana dubawa, kuma kada ta wuce shekara 10 ko da zanenta na nan. Tayar da ta tsufa, iskarta ta yi ƙasa, aka ɗora mata lodi, aka yi gudu a kan kwalta mai zafi, ita ce wadda ake karantawa a labarai.

Daga nan ka ja da baya ka kalli motar gaba ɗaya. Idan bayanta ya zauna, ko ta karkata gefe guda, lodi ya yi yawa. Kaya masu nauyi a sama suna sa mota saurin kifewa a kwana, kuma nauyi yana ƙara nisan da birki ke buƙata kafin ta tsaya. A gangara mai tsawo ma shi ke sa birki ya yi zafi ya shanye. Idan ka shiga, ka duba ta ina za ka fita in ƙofa ta maƙale. Motar da aka toshe hanyar tsakiyarta da buhuna da kujerun ƙari, aka yi wa tagoginta ƙarfe, ko aka ajiye jarkar fetur a cikinta, idan wuta ta tashi ba mai fita. Wannan na ƙarshen ban yarda a yi masa uzuri ba ko kaɗan.

Idan akwai bel ka ɗaura, ko kai kaɗai ne a motar ka ɗaura. Yawancin waɗanda ke mutuwa idan mota ta wulkita, wurgo su ake yi waje ko a haɗa su da junansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bel yana rage haɗarin mutuwar na cikin mota da abin da ya kai rabi. Idan ana rubuta sunayen fasinjoji, ka rubuta sunanka na gaskiya da lambar wanda za a kira. Kuma idan kana da zaɓi, ka yi tafiyar rana.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce. Kwanaki direba yana gudu yana waya, na ce don Allah ya rage. Fasinjoji suka yi mini ca, wani ya ce in ina tsoron mutuwa in sauka, wata ta ce abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Na yi shiru har muka isa, jikina yana rawa. Shin maganar fasinja tana da wani amfani?

Amsa: 'Yata, kin yi daidai, kuma Allah ya yi miki albarka. Tana da amfani, an ma gwada an gani. Wasu malamai biyu na jami'ar Georgetown ta Amurka, James Habyarimana da William Jack, sun yi gwaji a Kenya da ƙananan bas sama da 2,000. Suka liƙa 'yan takardu a cikin wasu motocin, masu kira ga fasinja da ya yi magana idan direba yana tuƙin ganganci, wasu motocin kuma aka bar su haka. Da suka bi bayanan kamfanonin inshora, sai suka tarar motocin da ke da takardun, neman diyyar haɗari a kansu ya ragu da kusan rabi ko fiye. Ba a ƙara ɗan sanda ko ɗaya a hanya ba. Takardar ta ba fasinja ƙwarin gwiwa ne kawai, ta sa wanda ya yi magana ya san ba shi kaɗai ba ne.

Wadda ta kawo miki maganar ƙaddara, gaskiya ta faɗa amma ba a wurinta ba. Imani da ƙaddara bai taɓa sauke wa mutum nauyin riƙo da sababi ba, kuma direban da ya ɗauki rayukan mutane amana ya ɗauka. Da ita ce aka ba maganin da ya lalace a asibiti, ba za ta ce ƙaddara ta haɗiye ba. Shi kuma mai ganin gudu ba komai ba ne, ya sani cewa motar da ta tashi daga kilomita 80 zuwa 120, ƙarfin da za ta daki abu da shi ya ninka fiye da sau biyu, haka ma nisan da birki zai ja kafin ta tsaya.

Nan gaba ki fara da na kusa da ke kafin ki ɗaga murya. Ki ce wa dattijo ko uwar da ke riƙe da yaro, Baba ko Mama, ba ku ga gudun nan ya yi yawa ba? Sau da yawa rabin motar suna jin abin da kike ji, kowa yana jiran wani ya fara. Idan mutum uku suka yi magana tare, direba yakan saurara. Ki yi masa magana da girmamawa, ba da zagi ba, don direban da aka tunzura a gaban jama'a yakan ƙara wuta ne ya nuna shi ke da mota. Ki ambaci abu ɗaya takamaimai: don Allah direba a ajiye wayar, ko don Allah a bari motar can ta wuce kafin a shiga. Idan ya ƙi, ki sauka a gari na gaba inda akwai jama'a da haske, kada ki sauka a daji. Ki rubuta lambar motar da ranar da lokacin, ki kai ƙorafi a rubuce ga ofishin kamfanin da hukumar kiyaye haɗurra, ki riƙe kwafi a hannunki.